Ruwa a Ramin Safaya

Asabar, Marwa, bayan sallar isha'i.

A zauren gidan yayata nake zaune. Tafin hannuna har yanzu warin tsatsa yake, duk da na wanke shi da sabulu sau uku. Mata na can cikin gida ana ta guɗa, ni kuwa hankalina na kan motar da ke ƙofar gida, but a buɗe, an tokare shi da sanda don iska ta shiga.

Da asuba muka bar Yalwa, unguwarmu a Garwa ta arewacin Kamaru, ni da Inna da uwargida da ƙanena. 'Yar yayata ake ɗaura wa aure, ƙarfe 11 aka sa. Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, na ce ko da ramukan hanya, in muka fita shida saura, kafin goma muna cikin gari. But kuwa mun danƙare shi: buhun shinkafa mai kilo 25, jarkar man gyaɗa, kwanukan da Inna ta shekara tana tara wa jikarta, da akwatin atamfofi. Daren jiya an kwana ana ruwa, irin na Agusta mai sauka a hankali ya ƙi ɗaukewa. Da muka wuce Pitowa gonakin auduga sun yi shar, kowane rafi ya cika ya kawo jan ruwa.

Ba mu kai Figil ba na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ƙara ɗaya na ji, sai motar ta fara ja hagu. Inna ta yi salati. Na lallaɓa na sauka gefen titi, ƙanena ya karyo ganye ya jera a kan kwalta. Tayar baya ce ta tsage a gefe, tsagar da yatsa biyu za su shiga.

Canjin taya ba baƙon abu ba ne a wurina, tun ina yaro nake taya Baba. Tasa Peugeot 504 ce ƙirar Kaduna, safayarta a waje take, ƙarƙashin but, cikin wani kejin ƙarfe. Ka kwance ta sauko, ba ka taɓa ko ƙullin kaya ɗaya ba. Tawa ba haka take ba. Motar Turai ce ta 2006, na saye ta ta hannu a Duwala shekara 3 da suka wuce. Safaya na cikin wani rami a ƙasan but, jak da sufana na tare da ita, a kansu murfi, a kan murfin kuma duk abin da ka loda. Haka muka shimfiɗa tabarmar Inna a kan ciyawa muka sauke kayan amarya ɗaya bayan ɗaya, ana yayyafi. Uwargida ta cire mayafinta ta rufe akwatin atamfofi.

Sai ga akwatin lasifika. Bara ƙanena ya kai motar wurin wani mai haɗa rediyo ya sa mata shi, ashe da sukurori 4 ya ɗaure shi a jikin murfin, biyu sun shige har cikin ƙarfen mota. Sukurdireba kuma tana ƙarƙashin murfin da muke son ɗagawa.

"Yaya, wallahi ban san haka ya ɗaure shi ba."

Ban ce masa komai ba. Kullum ina ganin akwatin nan, ban taɓa tambayar kaina ta ina zan bi ranar da na buƙaci safaya ba.

Allah ya kawo wani direban babbar mota da ya ɗauko siminti daga Figil. Dattijo ne Bafulatani, Hausarsa ras. Ya tsaya ba mu tsayar da shi ba, ya sauko da sukurdireba da guduma. Da muka janye akwatin na ɗaga murfin, sai wari ya buge ni, irin na randar da aka manta da ruwa a ciki. Ramin cike yake da ruwan tsatsa, na tsoma hannu yatsuna huɗu suka nutse. Safaya na kwance a ciki, jak ya yi jawur. A gefen ramin ga wasu baƙaƙen akwatuna biyu na roba, kowanne bai fi tafin hannu ba, wayoyi sun shiga cikinsu. Ɗaya ruwan ya kai masa rabi.

Nan take abubuwan wata biyu suka dawo mini. Sau biyu batir ya kwana ya mutu, har na sayi sabo. Gilashin baya yana yin hazo daga ciki da safe. Na'urar da ke ƙara in ana baya da mota takan yi ta kuka ba komai a bayanta. Uwargida ta sha ce mini, "Malam, motar nan warin rima take," ni kuwa na ɗauka takalman yara ne.

Dogon ƙarfen nan mai zare da ke riƙe safaya a tsakiya ya ci tsatsa ya ƙi motsi. Dattijon ya ɗiga masa man birki, muka tsaya kamar minti 10, ya ƙwanƙwasa shi da guduma a hankali, sannan ya juya. Safayar siririya ce, irin ta wucin gadi. An rubuta a jikinta kada a wuce kilomita 80 a awa, iskarta kuma bar 4.2, kusan ninki biyu na tayar yau da kullum. Na danna ta da babban yatsa ta lotsa. Ya jawo tiyo daga tankin iskar birkin motarsa ya hura mata. Sannan ya goge gefenta da hannun riga ya nuna mini lambobi huɗu: 2306.

"Alhaji, mako na 23 ke nan, shekarar 2006. Tare aka haife su da motar. Ta kai ka Figil kawai, kada ka roƙe ta fiye da haka."

Gaskiyarsa. Masu ƙera taya da kansu cewa suke in ta kai shekara 10 a sauke ta, ko da ba ta taɓa taka kwalta ba. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Inna ta ba shi goro biyu ta yi ta sa masa albarka, na ce masa useko, wato na gode da Fulatanci, ya ja motarsa.

A Figil mai faci ya ce tsagar gefe ba ta faci, na sayi wata ta hannu. Ƙarfe 12 da rabi muka shiga Marwa, an riga an shafa fatiha. Yaya ba ta ce komai ba sai, "Alhamdu lillahi da kuka iso lafiya." Amma ni ne kawun amarya, a hannuna ta koyi tafiya, ni ya kamata in zauna kusa da waliyyi. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da kuɗin taya.

Bayan azahar mijin Yaya ya raka ni unguwar Domayo wurin wani mai wayarin da ya yarda da shi, mutum mai furfura da tabarau ɗaure da zare. Kafin ya taɓa komai ya ce in kashe mota in zare makulli, ya cire kan batir na baƙar waya tukuna. Batirin motar nan a but yake, gefen dama, nesa da zafin inji. Ya zare fulogin akwatin da ya sha ruwa ya kawo mini daidai ido. Ƙananan ƙafafun jan ƙarfen da ke ciki sun yi kore kamar gansakukar bakin rijiya, ɗaya ta cinye saura ƙiris ta karye.

"Alhaji, ruwa ba ya kashe su rana ɗaya. Ko mota a kashe take akwai wuta a wasu wayoyin. Ruwa mai datti sai ya haɗa ƙafar da bai kamata ta haɗu da 'yar uwarta ba, ƙarfen ya yi ta cin kansa. Wannan akwatin shi ke sa sauran na'urori su yi barci in ka kulle mota. Da ya rikice sai suka kwana a farke suna shan batir. Tsohon batirinka lafiyarsa ƙalau."

Ya wanke ƙafafun da alkol na kantin magani da tsohon buroshin haƙori, ya hura musu iska. Sai ya faɗi abin da ya fi tsorata ni. Makullin but ɗin da wuta yake aiki. Ranar da batir ya mutu sarai, madannin ba zai buɗe shi ba, ga batir a ciki, ga safaya a ciki. Ya ce in gwada ramin makulli na hannu da ke jikin murfin. Na gwada, ƙura ta cushe shi, sai da ya fesa masa mai ya jujjuya kafin ya yarda. Da a daji abin ya same ni da dare, da Inna a mota, ban san yadda za mu yi ba.

Neman inda ruwan ke shiga shi ya ci mana yamma. Ya kwantar da kujerun baya, yaronsa ya rarrafa ciki da tocila, muka rufe but. Ya barbaɗa hoda a bangon ciki tun kafin nan, don ɗigo ya bar sawu. Da buta ya fara zuba ruwa daga ƙasa, fitilun baya tukuna, sannan bakin murfi, sannan rufin mota. Ya ce wanda ya fara daga sama komai zai jiƙe lokaci guda, ba zai san mai laifi ba. A fitilar hagu yaron ya buga ƙarfe. Da aka kwance ta, soson da ke bayanta ya bushe yana marmashewa a hannu. Robar bakin murfi kuma da takardar sefa 500 ya gwada ta: ya sa ta a baki ya rufe ya ja. Ko'ina tana riƙewa, amma a kusurwar hagu ta zare sumul. Ga kuma hudojin sukurorin mai rediyo guda biyu, ruwan titi na fantsamowa ta nan.

Babban ɓarawon yana sama. Motar tana da tagar rufi wadda ban fi sau biyar na buɗe ba. Ashe irin tagar nan ba a yi ta don ta hana ruwa gaba ɗaya ba. Akwai kwata a kewayenta da bututu 4 masu kai ruwan ƙasa, biyu ta gaba, biyu ta ginshiƙan baya su bi ta gefen but. Na bayan hagu ya toshe da laka da ƙananan ganyen darbejiya, har ya zame daga mazauninsa, yana tsiyaya kai tsaye cikin ramin safaya. A gindin darbejiyar ƙofar gidanmu nake ajiye motar kullum saboda inuwa.

Abin da na gane yau shi ne rani ne ya yi ɓarnar, damina tona ta kawai ta yi. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana wuce digiri 40, yana gasa roba da soso har su daina lanƙwasa. Ƙurar hunturu ta bi kowace kafa ta zauna. Wata 6 ba a ga ɗigon ruwa ba, mota ba ta nuna komai, mutum ya ɗauka lafiya. Ruwan farko ya mayar da ƙurar laka, na biyu ya rasa hanya. A watan Afrilu ya kamata in ɗaga murfin nan, kamar yadda muke hawa rufin ɗaki mu duba kwano kafin hadari ya fara taruwa.

Mijin Yaya ya kawo shawarar a naɗe akwatunan da leda a ɗaure tam, a bi gefen murfin ramin da gam a like shi. Mai wayarin ya girgiza kai. Ya ce leda tana tara zafi da gumi, danshin da ya shiga ba ya fita, ruɓewar ta fi sauri. In kuma aka like murfi, an koma gidan jiya, safaya ta sake shiga kurkuku. Na goyi bayansa ɗari bisa ɗari, don ni na tsaya a gefen titi da safe. Duk dabarar da za ta kare na'ura ta hana ni ɗaukar taya cikin minti 5 ba na son ta.

Abin da ya yi shi ne ya ɗaga akwatunan daga ramin ya ɗaure su a bangon gefe, bayan kafet, kamar taki ɗaya sama da ƙasan but, bakin fulogi na kallon ƙasa. Wayoyin ya lanƙwasa su suka sauka kaɗan kafin su hau, don ɗigon da ya bi waya ya faɗi tun bai kai fulogi ba. A ƙasan ramin akwai toshiyar roba, ya cire ta ruwan ya zube, ya goge, ya mayar. Wasu barin ta suke a buɗe, amma ya ce mu da muke ratsa ruwa a kan hanya da damina, ƙura da rani, ta nan za su shigo. Bututun rufi da wayar birkin keke ya bi shi a hankali, ya ce kada a sa ƙarfe mai tauri ko iskar kwamfaresa, suna huda shi ko su cire shi daga mazauni. Robar murfi kuma kada in kuskura in shafa mata baƙin mai, kumbura ta yake ya lalata ta, sai dai silikon ko gilisarin. Ya nuna mini wani siririn tiyo da ke fita daga batir zuwa waje, ya ce iskar da batir ke fitarwa mai kama wuta ce, duk wanda ya canza mini batir in tsaya a kansa ya mayar da shi.

Akwatin lasifika ba zai ƙara ganin sukuru ba, da bel za a ɗaure shi a bayan kujera. Ƙanena da kansa ya toshe hudojin. Jak, sufana, sukurdireba da tocila sun koma cikin wata tsohuwar jaka a gefen but, inda hannu zai kai ko an loda buhu. Ƙarfen safaya ya sha giris. Safayar kanta sai na koma Garwa in nemi wata.

Akwati ɗaya ya kwana a wurin mai wayarin, gobe da hantsi za a gwada shi. In bai tashi ba sai a nemi na hannu, ya ce wataƙila sai an aiko daga Duwala ko Kano. Inna ta riga ta ce ba za ta koma ba sai an kai amarya ɗakinta, saboda haka muna nan har Litinin.

Kafet ɗin but na shanye a kan katanga tun la'asar, sosonsa har yanzu in ka matsa ruwa yake fitarwa. Yanzu ƙanena ya leƙo ya ce hadari ya taso daga gabas. Bari in je in shigo da shi, in rufe motar.