Asubar masu kiwo a ƙasar Gumel

Abin da ya kai ni ƙasar Gumel a tsakiyar watan Janairu shi ne niyyar da na daɗe ina yi ta fara kiwon tumaki a ɗan filin da ke bayan gidana a Kano. Na buga wa kawuna waya, ƙanin mahaifiyata ne da ke zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, na roƙe shi ya saya mini tumaki 5 a kasuwar Alhamis ta Maigatari ya aiko mini da su a mota. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba zai sayi ko ɗaya ba sai na zo na kwana biyu a gidansa na ga nauyin da nake shirin ɗora wa iyalina. Na ji haushin maganar a lokacin, domin a ganina mutumin da ke tashi sallar asuba kullum kuma yake isa wurin aiki kafin ƙarfe 8 ba ya buƙatar a koya masa sammako.

Ranar Talata da hantsi na shiga mota a tashar Yankaba. Hazo ya rufe gari, kuma tun daga Gezawa direba yake tafe da fitila a kunne. Mun wuce Gujungu rumfunan kasuwa duk wayam, da yake ba Lahadi ba ce, muka isa Gumel bayan azahar, tafiyar kimanin kilomita 120 daga Kano. Daga nan na hau babur muka bar kwalta muka shiga rairayi. Gonaki duk an girbe, babu abin da ya rage sai kututturen gero, amma a kan kusan kowace bishiya da ke kusa da gidaje an jibge damman harawa a tsakanin rassa, inda bakin akuya ba zai kai ba. Itatuwan gawo kuwa, waɗanda ke zubar da ganye da damina su yi kore da rani, su kaɗai ne ke da ɗanyen ganye a filin, kuma ƙarƙashin kowanne akwai awaki suna tsintar 'ya'yan da iska ta kaɗo.

Dabbobin gidan ba su da yawan da za a kira su garke. Akwai shanun huɗa 2 farare, da jaki, da tumaki 7 waɗanda biyu daga cikinsu raguna ne da aka turke ana kiwatawa, da awaki 9, sai kaji da zabi da ban iya ƙirgawa ba. Da na ce wa Kawu Allah ya ƙara albarka a dukiyarsa, sai ya gyara mini magana, ya ce shanu da jaki da ragunan nan biyu ne kawai nasa. Awakin na matarsa ne, wadda muke kira Inna, da na matar babban ɗansa, tumakin kuma an raba su tsakanin Inna da wata 'yarsu da ke aure a wani gari ta bar nata a hannun uwarta. Ana idar da sallar isha'i aka fara rufe ƙofofi, kuma kafin ƙarfe 9 babu motsin kowa a gidan. Na saita wayata ta tashe ni ƙarfe 5, na kwanta ina jin cewa zan riga kowa.

Hasken tocila da ya gifta ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ne ya farkar da ni, na duba waya na ga ƙarfe 4:20. Da na fito cikin sanyi mai ratsa ƙashi, na tarar da Kawu a garke ya lulluɓe da bargo, yana haska dabbobin ɗaya bayan ɗaya.

"Barka da asuba, Kawu. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Koma ka kwanta, ba a kira assalatu ba tukuna."

Ban koma ba, na tsaya ina kallon abin da yake yi. Ba abinci yake ba su ba, duba su kawai yake yi. Yana haska idon kowace dabba da hancinta, ya duba kashin da ta yi cikin dare ko ya yi ruwa, ya taɓa igiyar turke ya tabbatar ba ta naɗe wa rago a ƙafa ba, ya daɗe a kan wata tunkiya da cikinta ya tsufa. Ya ce tunkiya da akuya wata 5 suke yi da ciki, wannan kuwa an bi ta tun tsakiyar damina, saboda haka ko yau ko gobe, kuma ɗan da aka haifa a irin wannan sanyi idan ba a tsane shi an kai shi kusa da wuta ba, da wuya ya ga hantsi. Akwai kuma maganar ɓarayi, waɗanda a cewarsa sun fi son tsakanin ƙarfe 2 zuwa carar zakara ta farko, lokacin da barci ya fi nauyi. Kawu ba ya ɗaura agogo, kuma da na tambaye shi abin da ke tashinsa, ya ce idan shanu suka miƙe suka fara jan igiya yana ji daga ɗaki.

Bayan shi Inna ce ta fito ta hura wuta ta ɗora ruwa a tukunya babba, na alwala da na dabbobi. An kira sallah wajen ƙarfe 5:30, muka tafi masallaci muka dawo, sannan aikin gidan ya kankama, kuma yana da tsarin da ba wanda ya faɗa amma kowa ya sani. Shanu ake fara sallama, domin su ne za su ja amalanke. Babban ɗan Kawu ya zuba musu karan dawa da aka sassare da ɗan harawar wake a kai. Ragunan turke su ne 'yan gata: dusa aka dama musu da ruwan ɗumi aka jefa ɗan kanwa, aka ƙara musu kowar wake. Matar ɗan ta ɗauki tsintsiya ta share garken tas, ta tara kashin a gefe guda inda tulin taki ya kusa kai ƙugu, wanda za a riƙa kwasa a mangala jaki yana kaiwa gona kafin faɗuwar ruwa. Yara ne na ƙarshen tashi, su kuma aikinsu buɗe akurki da watsa wa kaji tsaba kafin su ɗauki allo.

Awaki da sauran tumakin ba a sake su ba sai da rana ta fito sosai, wajen ƙarfe 8, duk da kukan da suke ta yi tun da suka ga an ba raguna dusa. Inna ta ce iskar hunturu ta safe tana sa musu tari da majina, gara su yi kuka a gida da su kwanta ciwo. Da aka buɗe musu kuwa babu mai binsu, suka nufi gonaki da kansu, da yake an gama girbi kuma an yi shelar sakin dabbobi tuntuni.

A nan ne na yi kuskuren da har na baro garin ana yi mini dariya a kansa. Na ga tumakin sun tsaya suna kallon rumfar da aka ɗora harawar gyaɗa, tausayi ya kama ni, na sauko da dami guda na kwance musu. Inna ta fito daga madafi da sauri ta tattare fiye da rabinsa ta mayar, sannan ta zaunar da ni ta yi mini lissafi. Harawar nan da nake gani tuli guda, ta ce, ita za ta kai dabbobin har ciyawa ta fito, kuma a ƙasarsu ruwa ba ya zama sosai sai watan Yuni, wani lokaci ma ya shiga Yuli. Yanzu akwai sauran abin tsinta a gonaki, saboda haka yayyafa musu ake yi da yamma kawai. Watannin Afrilu da Mayu ne za a nemi harawa ido rufe, lokacin da daji ya zama ƙasa zalla kuma kuɗin dami ya ninka a kasuwa. Wanda ya ciyar da hannu sake a Janairu, shi ne zai sayar da akuya a rame a bazara don ya sayi abincin sauran. Ta san adadin damman da ke kan rumfa da na kan bishiya ba tare da ta rubuta ba, kuma ta san ranar da ya kamata a taɓa kowanne.

Da hantsi muka bi amalanke zuwa rijiyar burtsatse da ke bakin gari da jarkoki, muka tarar da layi. A hanya Kawu ya gaya mini cewa na zo ne a lokacin hutu, kuma abin da na gani da asuba wasa ne idan aka gwada da sauran shekara. Da damina alfijir na ketowa tun kafin ƙarfe 5, dabbobi kuma duk a ɗaure suke saboda shuka, domin akuyar da ta shiga gonar wani tana iya kai mutum gaban mai unguwa ya biya ɓarna. Ke nan duk abin da za su ci sai an yanko an kawo musu. Yara kan fita da lauje da buhu daga masallaci, maza su ɗaura wa shanu garma su yi huɗa kafin rana ta yi zafi, a kwance su kafin azahar. Ciyawar da aka yanko da raɓa ba a zuba wa tumaki nan take, sai an baza ta ta sha iska, saboda gudun kumburin ciki da zawo. A lokacin ne kuma zabi ke yin ƙwai a ɓoye cikin ciyawa, sai an bi sawunsu an kwaso an sa wa kaza ta kwanta a kai, ita da ke ƙyanƙyashe nata a kwana 21 ta haƙura ta yi kusan 28 a kan na zabuwa. Da bazara kuma ruwa ne ke tashin mutane, wanda bai kai jarkokinsa rijiya kafin kiran sallah ba zai wuni a layi dabbobinsa na haki.

Na lura da wani abu a wunin nan da ban ji daɗinsa ba, ko da yake ban faɗa ba. A gari ana cewa kiwon Kawu, a kasuwa ma shi ake yi wa barka idan rago ya yi kuɗi, alhali tsakanin azahar da magariba, lokacin da maza ke hutawa a gindin bishiya ko suka tafi wata sabga, mata ne ke shayar da na turke, su tankaɗe dusar da ta fito daga surfe, su ajiye ruwan tsari domin awaki, su lura da wadda ba ta tuƙa. Da na tuna cewa ni daga safe har la'asar ina wurin aiki, sai na gane wanda Kawu yake nufi da ya ce nauyin da zan ɗora wa iyalina, kuma gaskiya ban shawarci matata ba kafin na buga masa waya.

Gab da magariba awakin suka dawo da kansu a jere, Inna na tsaye a ƙofar garke tana ƙirga su da ido. Ɗaya ba ta dawo ba, aka tura yara biyu, suka same ta a gindin gawo a bayan makarantar firamare. Tunkiyar nan kuwa ta haihu a daren Laraba wajen ƙarfe 3, kuma a wannan karon na ji fitar Kawu na bi shi na riƙe masa tocila, yana goge ɗan da tsumma yana kara bakinsa a nonon uwar.

Ba mu koma barci ba, domin gari na wayewa Alhamis ce. Aka ba shanu abinci da wuri, aka ɗora rago ɗaya a amalanke tare da akuyar matar ɗan Kawu, wadda za a sayar a yi mata hidimar bikin ƙanwarta, muka kama hanya bayan sallah cikin hazo. Maigatari tana bakin iyakar Nijar ne, kuma kafin mu isa kara ta cika da shanu masu dogayen ƙaho da raƙuma da tumaki da aka koro daga ƙetaren iyaka, manyan motoci kuma sun yi layi suna jiran lodin da za su kai kudancin ƙasar nan. Idona ya tafi kan tumaki jinsin Uda, masu gaba baƙi ko ja da baya fari, da Balami farare masu tsayi da dogayen kunnuwa. Kawu ya ja hannuna ya wuce da ni wurin 'Yankasa, ya ce waɗancan cin su ya fi ƙarfin mai sayen harawa a birni, waɗannan kuwa sun fi haƙuri da ɗan abin da aka samu. Ya buɗe bakin wata ya duba haƙora, ya shafa bayanta, ya bar dillali yana ta zuba har ya gaji, sannan ya taya.

Kafin a sallama na koma gefe na kira matata na gaya mata abin da na gani, na tambaye ta nawa za ta iya. Ta yi shiru, sannan ta ce biyu, kuma da sharaɗin ni zan riƙa ba su na asuba in share wurin kafin in fita. Biyun muka saya. Ana idar da azahar Kawu ya ce shi zai juya, domin shanun ba su sha ruwa ba tun safe kuma akwai mai jego a gida. Ya taya ni ɗaure tumakin a bayan motar Kano, ya sa aka ɗora dami biyu na harawar gyaɗa da Inna ta bayar a kan rufin, ya ce ta ce a gaya mini na kwana 20 ne, kada in kira ta kafin nan.