Maganar da Umma ba ta ƙarasa ba

Laraba. Sha ɗaya ta gota, har yanzu idona biyu.

Safiya dai lafiya lau. Aikin nan da na ce muku ya tsaya min a wuya tun makon jiya na kammala shi, na tura kafin sha biyu, na ji kamar an sauke min dutse. Ciwon kan ma yau ya ɗaga min ƙafa.

Wajen ƙarfe huɗu Umma ta kira. Mun gaisa, ta tambayi yara, sai ta rage murya ta ce, "Dama so nake in faɗa miki, jiya da daddare..." Sai ɗif. Na kira, ba ta shiga ba. Na sake, ta shiga, ina jin ta tana "Kina ji na? Kina ji na?" ita kuwa ba ta jin komai. Sai a karo na shida muka ji juna sosai, lokacin ta fito bakin ƙofar gida inda sabis yake kamawa, ina jiyo hayaniyar masu wucewa a bayanta. Ta ce, "Bar shi kawai, ba wani abu ba ne, sai kin zo." Kun san Umma. Maganar da ta faro a ɗaki da ƙaramar murya ba za ta ƙarasa ta a bakin hanya ba.

Da yamma Yaya ya biyo, Auta na biye da shi. Ban bari sun gama zama ba na ce, "Yaya, layin nan na Umma fa ya isa a canza shi." Kamar jira yake. Ya ce ai tun bara yake faɗa a mayar da ita layinsa, ba a ji. Ya miƙo min wayarsa yana nuna alamar 5G a sama, ya danna abin gwada gudun intanet, allurar ta tashi ta buga ƙarshe. Ya buɗe taswirar kamfanin nasa, unguwar su Umma duk an shafe ta da launi, wai akwai sabis ko'ina. Na ce, "To Yaya, ranar da muka je tare, wa na gani a waje yana ɗaga waya sama yana neman sabis?" Ya ce wancan lokacin daban, yanzu sun zuba jari, ba kamfanin da ya kai su kashe kuɗi.

Auta da tun shigowarsa bai ce uffan ba, sai ya karɓi wayar ya ƙura wa taswirar ido. Ya ce, "Yaya, wannan fa kwamfuta ce ta lissafa, ba wanda ya shiga gida-gida ya gwada. Kuma yawanci lissafin na wanda ke tsaye a waje ne." Ya ce in ka ji kamfani yana cewa ya kai sabis ga kashi kaza cikin ɗari, galibi yawan jama'a yake nufi, ba faɗin ƙasa ba, don haka in ya cika manyan birane adadin ya riga ya yi kyau ko da bayan gari na fama. Daga nan ya shiga abin da ya fi sani, ni kuma na kasa kunne don wannan ɗin ne ya taɓa ni. Ya ce zangon da eriya ke aika saƙo a kai ba ɗaya ba ne. Da megahaz ake auna shi. Na ƙasa, irin megahaz 700 da 800, yana tafiya nesa, yana ratsa bango ya shiga har ƙuryar ɗaki, sai dai ba ya ɗaukar kaya da yawa. Na sama, irin 3,500 da akasarin 5G ke hawa, yana kwasar data kamar me, amma tafiyarsa gajeriya ce, bango biyu sun isa su karya shi. Ɗakin Umma kuwa shi ne na can ciki.

Abin da ya sa Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci shi ne da Auta ya ce a wurare da yawa 5G ɗin a bayan 4G take goye, kuma in ka danna kira, muryarka sauka take ta bi ta 4G, wani lokacin har 3G ko 2G. Sannan ya tuna mana wayar da ke hannun Umma: 'yar ƙaramar nan mai madannai, wadda lambar biyar ɗinta ta goge don dannawa. Ita ba ta san wata 5G ba. GSM take nema, wato 2G, fasahar da aka fara kira da ita a Finland tun 1991. An fara 4G a Stockholm da Oslo a ƙarshen 2009, Koriya ta Kudu ta buɗe 5G a 2019, duk wannan tsere an yi shi Umma na riƙe da wayarta, kuma buƙatarta ba ta canza ba: ta kira 'yarta daga kan gadonta a ji ta.

Maganar jari ce ta ɗan ɗaga mana murya. Ni ban musa cewa kamfanin Yaya yana kashe kuɗi ba, tambayata ita ce a ina. Na taɓa karanta cewa a shekarar 2000 gwamnatin Birtaniya ta yi gwanjon lasisin 3G guda biyar, aka tara fam biliyan 22.5, tun ba a kafa ƙarfen sabis ko ɗaya na 3G ɗin ba. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ai inda mutane suka yi cunkoso zai fara nufa don ya mayar da uwar kuɗinsa. Auta ya ƙara da cewa ƙarfe ɗaya ma ba ƙaramin abu yake ci ba: fili, wuta dare da rana, batura, janareta in wutar ba ta da tabbas, da kuma hanyar da za ta haɗa shi da sauran, ko wayar fayiba a ƙarƙashin ƙasa ko faranti mai harba saƙo zuwa wani ƙarfen. In wannan hanyar ta yi ƙunci, sai ka ga sabis ya cika fal a waya amma ko hoto ya ƙi buɗewa da daddare, lokacin da kowa ya hau. Ya ce sau da yawa ma kamfanoni biyu ko uku a jikin ƙarfe ɗaya suke rataye eriyoyinsu, ƙarfen na wani kamfani ne daban da ke ba su haya. Ashe mai yiwuwa layina da na Yaya daga sanda ɗaya suke fitowa muke ta wannan musu.

Yaya ya ce, "Ke dai ba kya son a ce nawa ya fi." Na ce wallahi in nasa ne zai shiga ɗakin Umma, gobe zan saya mata. Bai ji daɗin yadda na faɗa ba, na gani a fuskarsa. Zan kira shi da safe in ba shi haƙuri.

Abin da muka tsayar: ranar Asabar Auta zai je da sim uku, ya zauna a ɗakin Umma, ƙofa a rufe, ya saka kowanne a wayarta ita kanta, ya kira ni da safe, da la'asar, da kuma bayan tara na dare. Wanda ya riƙe magana bai yanke ba shi za a bar mata.

Sai da suka tafi na lura mun shafe fiye da awa ɗaya a kan eriya da zango da biliyoyi, ba wanda ya ce, "Shin me ya faru jiya da daddare?" Ni ma da na ji muryar da ta faɗa da ita ban tayar da zancen ba. Ko ƙafar ce ta sake kumbura. Ko jirin nan ne ya dawo ta ɓoye mana. Ko kuma da gaske ba komai ba ne, mafarki ta yi take son ba ni labari.

Na kira ƙarfe tara da rabi. Ta shiga, ta yi ta ƙara har ta katse, ba a ɗauka ba. Da wuri take kwanciya, na sani. Na ƙure ƙarar wayata na ajiye ta kusa da matashi. Asabar ta yi min nisa, ina jin gobe in na tashi daga aiki can zan wuce.