Abin da shagon firem ya koya min kan lambobin soja

Shekara 3 kenan ina aiki a shagon hoto da firem a wajen Taminus nan Jos, kuma gaskiya da farko duk lambar sojan da aka kawo mana ƙarfe ne kawai a wurina, in goge, in liƙa a kan yadi, in sa gilashi, a biya a tafi. Yawancin masu kawowa daga barikin Rukuba suke, mata da 'ya'yan sojoji, musamman in 15 ga Janairu ta gabato, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Rannan wani dattijo ya zo da wani tauraro mai tsini 6 a naɗe cikin hankici, na mahaifinsa ne da ya je yaƙin Bama. Na ɗauko Brasso, man goge ƙarfe, kenan ya riƙe min hannu, ya ce "yaro bar shi yadda yake, gumin Baba ne a jiki." Wallahi kunya kamar in nutse, na ce Baba a yi min afuwa.

Bayan ya tafi ne Oga ya zaunar da ni. Ashe lambobin ma kala-kala ne. Wannan tauraron duk wanda ya je fagen Bama ana ba shi, amma ta jarumta daban take, kamar Military Medal ta Ingila, wadda kafin a daina ba da ita a 1993 sai ka yi abin a zo a gani a bakin wuta, kuma ana buga sunan mai ita a gefenta, shi ya sa yanzu gefe nake fara dubawa. Ya ba ni labarin Chari Maigumeri, wanda Jamusawa suka ba lambar jarumtarsu Iron Cross a Kamaru, daga baya ya koma sojan Ingila ya samo Military Medal ɗin ma, har barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Mutum ɗaya, abokan gaba biyu duk sun sallama masa, ni da ko a makaranta ban taɓa jin sunansa ba.

Tun daga nan ba na taɓa komai sai na tambaya. Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo lambar mijinta da ya rasu a Borno, zaren ya ɗan tsinke. Na ce Hajiya a ɗinke? Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce a'a, a sa hotonsa kawai daga sama.