Kafin ku tsoma baki a siyasar Indiya, ku fara da lissafin kujeru

Ƙannena masu sha'awar sharhi kan siyasar duniya, kurakuran da na daɗe ina tafkawa game da Indiya su zan shimfiɗa muku, don kada ku maimaita su.

Na ɗauki yawan kujeru a matsayin yawan masoya. Indiyawa ba sa zaɓen firaminista kai tsaye yadda muke zaɓen shugaban ƙasa. Majalisar wakilai ta ƙasa, wato Lok Sabha, tana da mazaɓu 543, a kowace wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba, kuma mai kujeru 272 shi ke kafa gwamnati. A 2014 jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta samu kujeru 282 da kusan kashi 31 cikin 100 na ƙuri'u. A 2019 ta samu 303 da kusan kashi 37. Ke nan ko a lokacin da tauraronta ya fi haskawa, shida cikin kowane masu zaɓe goma wata jam'iyyar suka dangwala wa. Rarrabuwar 'yan adawa ce ke mayar da wannan kason ya zama rinjaye. Don haka duk sakamakon da kuka gani, ku ajiye adadin kujeru kusa da kason ƙuri'u, sannan ku duba jiha-jiha. Uttar Pradesh kaɗai tana da kujeru 80. A can BJP ta faɗo daga 62 a 2019 zuwa 33 a 2024, ta ƙare da 240 a ƙasa baki ɗaya, dole ta jingina da jam'iyyun jagororin jihohi biyu, Chandrababu Naidu da Nitish Kumar. A Tamil Nadu ko kujera ɗaya ba ta ci ba.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne yi wa Hindu da Hindutva kuɗin goro. Hindu addini ne na kusan kashi 80 na jama'ar ƙasar bisa ƙidayar 2011, Musulmi kuma kashi 14 da ɗoriya. Hindutva kuwa aƙidar siyasa ce da ke cewa Indiya ƙasar Hindu ce, sauran sai su bi. Ƙungiyar RSS da aka kafa a Nagpur a 1925 ita ke riƙe da tutarta, kuma a cikinta Modi ya taso. Aikin wannan aƙida a fili yake: rushe masallacin Babri a Ayodhya ranar 6 ga Disamba 1992, soke matsayin musamman na Kashmir a Agustan 2019, da dokar zama ɗan ƙasa ta Disamban 2019 wadda ta buɗe ƙofa ga mabiya addinai shida daga Pakistan, Bangladesh da Afghanistan, ta tsallake Musulmi. Wannan zalunci ne, ku faɗe shi da sunansa. Amma idan kuka rubuta "Hindu sun ƙi Musulmi", kun zubar da miliyoyin Hindu da ke adawa da wannan aƙida, kuma kun taya masu aƙidar tallata abin da suke so a yarda da shi. Ku dubi Ayodhya ɗin kanta: an buɗe haikalin Ram, abin bautar Hindu, a inda masallacin Babri yake a dā, a Janairun 2024 da gagarumin biki, bayan 'yan watanni BJP ta rasa kujerar Faizabad, mazaɓar da garin yake ciki, a hannun Awadhesh Prasad na jam'iyyar Samajwadi, mutumin da ya fito daga Dalit, ƙasƙantattun tsarin asali na ƙasar, wanda ke raba mutane aji-aji bisa haihuwa.

Wannan tsarin asali shi na yi shekaru ban lissafa ba. Dalit da sauran ƙananan rukunoni suna da kason guraben aiki da karatu da tsarin mulki ya ba su dama. Da BJP ta yi ta kirari a yaƙin zaɓen 2024 cewa za ta haura kujeru 400 tare da ƙawayenta, 'yan adawa suka ce so take ta sauya tsarin mulki ta taɓa wannan kason. Maganar ta shiga ƙauyuka.

Sai tuwo. Talaka ba ya cin aƙida zalla. Gwamnatin Modi na raba hatsi kilo biyar kyauta ga kowane mutum a wata, ga mutane kusan miliyan 800, ga tukunyar gas ga mata, ga kuɗi kai tsaye cikin asusun banki, kuma hoton Modi na tare da tallan shirye-shiryen. Salon ba sabo ba ne, tsohuwar firaminista Indira Gandhi ta ci zaɓen 1971 da taken kawar da talauci, ta kuma ƙaƙaba dokar ta-ɓaci daga 1975 zuwa 1977.

Kan ko dimokuraɗiyyar tana raye, kada ku tsaya a ranar zaɓe. Ku bi watannin da suka gabace ta: an kama babban ministan Delhi na lokacin, ɗan adawa Arvind Kejriwal, a Maris 2024, makonni kafin a fara jefa ƙuri'a. Ku kuma lura da inda gwamnati ta sha ƙasa: manoma sun zauna a bakin Delhi shekara guda har aka janye dokokin noma uku a Nuwamban 2021, kotun ƙoli kuma ta soke tsarin ɓoye masu ba jam'iyyu kuɗi a Fabrairun 2024.

Bidiyon duka ko ƙone-ƙone da ake turo muku a WhatsApp kuwa, kada ku tura shi gaba sai kun san jihar, garin da shekarar da abin ya faru.