Abin da wata BMW ta koya min kan baƙin mai

Ni dai a Kakuri na koyi kanikanci, a hannun wani dattijo da ya ci zamaninsa kan Peugeot, don kun san tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a nan Kaduna, su 504 da 505 sune suka raine mu. A garejin Baba magana ɗaya ce, duk motar da ta zo juye 20W-50 za a zuba mata, in ka tambaya yace maka ƙasarmu da zafi, mai kauri shi ke riƙe inji. Kuma gaskiyarsa ce a kan motocin da ya sani, Allah ya saka masa da alheri. Matsalar ita ce na ɗauki wannan maganar na tafi da ita garejina kamar ta shafi kowace mota a duniya.

Wata rana wani matashi daga Barnawa ya kawo min BMW 335i, mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano, injin N54 mai turbo biyu. Yace Oga juye kawai za ka min. Ban duba komai ba, na aiki yaro ya sayo 20W-50 na gargajiya, wanda ba sintetik ba, muka zuba wajen lita 6.5 ya biya ya tafi. Lokacin hunturu ne. Ba a yi wata biyu ba sai ga shi ya dawo ransa a ɓace, wai da asuba in ya tayar da ita sai ta riƙa wani ƙara-ƙara na ɗan lokaci, ga fitilar gargaɗin inji ta kama a allo, ga shi in ya taka totur ba ta amsawa kamar da. Muka sa kwamfuta, ta nuna matsala a VANOS, wato na'urar BMW mai daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin inji.

Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, don motar mutane ce kuma hannuna ne na ƙarshe a kanta. Da muka buɗe murfin saman inji sai ga dauɗa baƙa ƙirin kamar kwalta ta kama ko'ina. Wani kason tsohon laifi ne tun daga waje, wanda ya riƙe ta a can bai damu da juye ba, amma man da na zuba ya ƙara dagula lamarin, kuma haka na faɗa wa mai motar ido da ido, nace ɗan'uwa kuskurena ne, wankin da sabon mai duk a wuyana.

A nan ne na zauna na karanta abin da lambobin nan suke nufi, abin da ya kamata in yi tun tuni. Lambar farko mai W tana nuna yadda mai ke gudu in inji ya yi sanyi, ta biyu kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. To inji in ya ɗau zafi ai lagireto da fanka ne ke tsayar masa da zafinsa, ko a Jamus yake ko a Kawo kusan wuri ɗaya zai tsaya, don haka zancen wai ranar Kaduna ta fi ƙarfin 5W-30 ko 0W-40 bai da tushe sosai. Sannan sababbin injinan nan hanyoyin man cikinsu ƙanana ne, shi VANOS ɗin da ƙarfin mai yake daidaita juyin kamshaf, in mai ya yi nauyi da safe kafin ya isa sama ƙarfe ya riga ya goga ƙarfe. Turbo kuwa juyinsa ya wuce 100,000 a minti ɗaya, kuma man da ba sintetik ba ƙonewa yake a bututun da ke kai masa mai, ya zama gawayi ya toshe hanya.

Bayan wannan sai na koma ɗaya gefen, na fara ganin duk mai kauri a matsayin abokin gaba. Sai aka kawo min BMW M3 mai injin V8, na buɗe littafinta, me zan gani, 10W-60! Ya fi na Baba kauri in ya ɗau zafi. Ita kuma Toyota 86 0W-20 take sha, kamar ruwa. Duk motocin gudu ne fa. Ashe ba zancen kauri ko tsinkewa ba ne, kowane inji da abin da aka ƙera shi a kai. Yanzu ko lambar kaurin ma ba ta ishe ni, sai na juya bayan galan na ga amincewar kamfanin, LL-01 in BMW ce, 229.5 in Marsandi ce, A40 ga yawancin Porsche. Akwai kuma LL-04 da mutane ke gani su ɗauka ya fi kyau don lambar ta fi girma, alhali an yi shi ne don ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da sinadarin salfa da yawa, ni ba na zuba shi a motar fetur a nan.

Inda nake saɓa wa littafi wuri ɗaya ne, lokacin juye. Kwamfutar irin waccan 335i tana iya barin mutum ya yi mil 15,000, wajen kilomita 24,000 kenan, kafin tace a canza. Su kansu BMW a Amurka sun rage shi zuwa mil 10,000 daga motocin 2014. To ina ga mu? Ƙurar hunturu tana shiga duk yadda filtar iska ta kai da kyau, ga tsayuwa a cunkoson Ahmadu Bello Way inji na aiki kilomita ba ta ƙaruwa, ga fetur ɗin da ba kullum ka san me aka sayar maka ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne masu irin motocin nan yawanci ba sa tafiya mai nisa, daga Malali zuwa Unguwar Rimi a kashe, mai bai yi zafin da zai kori fetur da danshin da suka sauka cikinsa ba, sai ranar Asabar a hau hanyar Abuja a take ta har ƙasa da wannan gurɓataccen man. Ni a garejina kilomita 5,000 zuwa 7,000 nake cewa, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, in kuma mutum mai taka wuta ne sosai to 5,000 ɗin. Wasu suna cewa ina so ne su riƙa zuwa in ci kuɗinsu. Sai in ce yallaɓai je ka tambayi kuɗin metal da kiranshaf na motar nan, ka dawo mu yi lissafi tare.

Jabun mai kuma wata masifa ce daban, na taɓa karɓar galan mai kyan gani daga wani mai shago, da na buɗe warinsa kaɗai ya isa, tsohon mai ne aka tace. Tun daga nan wuri ɗaya nake saye, ina duba hatimin murfi, kuma galan in ya ƙare huda shi nake kafin in yar don kada a sake cika shi. Filta ma haka, ta arha lanƙwashewa take a cikin gidanta.

Shi wancan matashin har yau ni ke masa aiki. Motarsa ba ta da sandar gwada mai, a allo ake dubawa, na koya masa yadda zai duba duk sati, na kuma nuna masa agogon zafin mai da ke ƙasan na juyin inji, nace kada ya taka ta da ƙarfi sai allurar ta motsa, in ya dawo daga gudu kuma ya sassauta kafin ya iso gida don turbo ya huce. Juyen da ya wuce na sake buɗe murfin saman don gasket ɗinsa ya fara yoyo, na kira shi ya leƙa da kansa, ƙarfen ciki fes, kalar zuma.