Kiran metod da sunansa a Java: aikin da kompaila ya bar mini

Manhajar Android nake rubutawa da Java don masu sana'ar POS, kuma umarnin da take aiwatarwa daga saba (babbar kwamfutar da manhajar ke hulɗa da ita ta intanet) yake zuwa a rubuce: "bugaRasit", "dubaRagowa", "mayarDaKudi". Da farko jerin sharuɗɗa na yi, idan kaza ya zo a yi kaza, duk sabon umarni sai an ƙara layi. Da jerin ya yi tsawo sai na koma ga riflekshan, dabarar da ke cikin Java tun sigarta ta JDK 1.1 a 1997, wadda ke ba manhaja damar duba kanta tana cikin aiki. Kowane umarni yana da metod ɗinsa, wato guntun manhaja mai suna da ke yin aiki ɗaya: ka ba getMethod suna da irin abubuwan da metod ɗin ke karɓa, ya nemo maka shi, ka tashe shi da invoke. Layi biyu suka maye gurbin jerin gaba ɗaya.

Sai dai sauƙin nan bashi ne. Idan ka rubuta sunan metod kai tsaye ka kuskure harafi ɗaya, kompaila, mai duba abin da ka rubuta ya mayar da shi manhaja, ba zai bar ka ka wuce ba. Sunan da ya zo a rubuce kuwa babu ruwansa da shi. Kuskuren sai ya jira har manhaja ta isa hannun mai shago, kwastoma na tsaye yana jiran rasit, sannan NoSuchMethodException, kuskuren da ke cewa babu metod mai wannan suna, ya bayyana. Kuma getMethod ba ya sassauci: metod ɗin da ke karɓar int, in ka neme shi da Integer.class, zai ce babu shi, ko da yake duka biyun nau'in lamba ne. Haka in metod ɗin da aka kira ya faɗi, ainihin kuskuren yana zuwa a naɗe cikin InvocationTargetException, sai ka buɗe da getCause kafin ka ga abin da ya faru.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne R8, mai rage girman manhaja, wanda ya gaji ProGuard a Android a 2019. A sigar gwaji komai lafiya lau. A sigar da za a fitar wa jama'a, ko umarni ɗaya bai tashi ba. R8 yana bin kod ne yana duba wa ke kiran wa. Duk metod ɗin da bai ga mai kiransa ba sai ya cire shi, waɗanda ya bari kuma ya sauya musu suna zuwa a, b, c. Tunda sunayen daga saba suke zuwa, babu yadda zai san ana buƙatar bugaRasit. Maganin shi ne ka faɗa masa da bakinka, ko da ƙa'idar -keep a cikin proguard-rules.pro, ko ka ɗora @Keep a kan metod ɗin.

Akwai kuma batun tsaro, wanda a manhajar kuɗi ba na wasa da shi. getMethod yana nemo kowane metod na fili, har waɗanda ajin (rukunin kod da metod ke zaune ciki) ya gada daga wani aji. Ke nan duk wanda ya iya turo suna zai iya tayar da abin da ba a gina don waje ba. Don haka na ƙirƙiri alama tawa, @Umarni, na ɗora ta a kan waɗanda na yarda a kira kawai. Manhaja na tashi take tattara su cikin taswira ɗaya (Map, jerin da ke haɗa kowane suna da metod ɗinsa), sunan da ba ya ciki a ƙi shi. Wannan ya kuma rage jinkiri, don ba a sake neman metod a kowane kira.

A ganina, in umarnan sanannu ne tun lokacin rubuta kod, taswirar lambda ta Java 8, inda kake haɗa kowane suna da aikinsa kai tsaye a cikin kod, ta fi, domin kompaila da R8 duka suna ganin ta. Riflekshan ya dace da inda ba ka san ajin da zai zo ba, kamar yadda JUnit, kayan gwada kod na Java, ke gano gwaje-gwajen da wasu suka rubuta. Inda na bar shi a manhajar, na sa gwajin da ke gudana a kan sigar fitarwa, yana kwatanta sunayen da saba ke aikowa da waɗanda ke cikin taswira kafin a saki sabon bugu.