Sandar Baba a hanyar Marwa

An ce motar Marwa za ta bar Garwa ƙarfe shida, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muka fita daga ajans, wato tashar kamfanin mota. Kujerata ta faɗo kusa da wani dattijo mai sanda naɗe cikin buhu, ya soke ta tsakanin gwiwoyinsa. Yaron mota ya yi juyin duniya a ɗora ta sama da kaya, ya ce atafau.

"Baba, farauta za a je?" na ce, don na ɗauka kere ne.

"Farautar me, ɗana? Hoki ne, ƙwallon gora."

Tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya. Abin ya ba ni mamaki, domin a Garwa in ka ce ƙwallo, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport ake nufi, ko filin Roumdé Adjia inda muka yi kallon gasar cin kofin Afirka a 2022. Da muka wuce Pitowa ya kwance buhun ya miƙo mini. Bakinta a lanƙwashe, gefe ɗaya shafaffe, ɗayan mai doro, kuma da shafaffen kaɗai aka yarda a taɓa ƙwallo. Mariƙin ya cinye, ya naɗe shi da robar keke.

Gab da Figil taya ta fashe. Muka fake a inuwar darbejiya, na sayo mana gyaɗa a kwalba, a nan bakin Baba ya buɗe. Gwaninsa wani Ric Charlesworth ne, mutumin Ostareliya. Likita ne, ya kuma yi shekara goma a majalisar tarayyar ƙasarsu, daga 1983 zuwa 1993. Yana ɗan wasa ya samu azurfa a Olamfik ta Montreal a 1976, ya ɗaga kofin duniya a Landan a 1986. Da ya bar siyasa aka ba shi ƙungiyar mata ta ƙasa: kofin duniya a 1994 da 1998, zinare a Atlanta a 1996, wani a Sidni a 2000. Daga baya ya karɓi maza, suka ci kofin duniya a 2010 da 2014. Baba yana jero shekarun nan da yatsu kamar mai lissafin jikokinsa.

Amma ba kofunan ne suka fi burge shi ba. A hoki ana iya fitar da ɗan wasa a sake mayar da shi, ba kamar ƙwallon ƙafa ba, shi kuwa mutumin ya riƙa juya 'yan wasansa ta yadda babu mai zaman dumama benci, babu kuma shafaffe da mai. Na ce masa mai kuɗi da fili ai komai zai yi masa sauƙi. Bai musa ba. Tun wasannin 1976 ɗin nan aka koma shimfiɗar ciyawar roba, wadda a manyan gasa har ruwa ake fesa mata, mu kuwa nan a watan Maris rijiya ma ƙafewa take. Sai dai ya tuna mini matan Zimbabuwe sun ci zinare a Mosko a 1980. Ni dai har yanzu ina ganin filin ne ya raba mu da wasan.

Kafin a gama ɗaura taya yara sun kewaye mu. Baba ya tsinci goruba, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya sunkuya yana juya ta hagu da dama da bakin sandar, ƙura na tashi. Wata 'yar talla ta ajiye farantinta, ya gyara mata riƙo, hannun hagu a sama. Bugunta na uku gorubar ta shige ƙarƙashin mota. Direba na ta danna ham, Baba yana durƙushe yana zaƙulo ta da sandarsa.